Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Shari'a Na Jamhuriyar Nijar Kan Yaƙi Da Fataucin Mutane

Mai girma Minista,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da ma'aikatan da ke ƙarƙashinku, musamman na hukumar ƙasa mai yaƙi da fataucin mutane da safarar baƙin haure, wadda aka fi sani da ANLTP, na zaɓi in rubuto muku wannan wasiƙa a bainar jama'a ne saboda mutanen da maganar ta fi shafa, wato matan karkara da ƙananan yara, ba su da hanyar isowa ofishinku a Yamai, kuma ko sun iso, da wuya su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, don haka ina roƙo ku karɓi abin da zan faɗa a matsayin shawarar ɗan ƙasa mai son ganin dokokin ƙasarsa sun yi aikin da aka kafa su dominsa.

Adalci ne a fara da abin da ƙasar nan ta yi, domin ba kaɗan ba ne. A shekarar 2003 aka gyara kundin hukunta laifuka, bautar da ɗan Adam ta zama babban laifi mai ɗaurin shekara 10 zuwa 30. Ranar 16 ga Disamban 2010, a zamanin riƙon ƙwarya na Janar Salou Djibo, aka sa hannu kan doka mai lamba 2010-86, wadda ta fayyace fataucin mutane, ta kuma tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 10 ga wanda ya yi fataucin baligi, da shekara 10 zuwa 30 idan yaro ne aka cuta. A 2012 aka kafa hukumar ANLTP tare da kwamitin CNCLTP mai tsara manufofi, dukansu a ƙarƙashin ma'aikatarku. A 2015 Nijar ta riga kowace ƙasa a duniya amincewa da ƙarin yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta 2014 kan aikin tilas. A 2019 aka buɗe gidan farko na karɓar waɗanda aka ceto, a Damagaram, da tallafin hukumar ƙaura ta duniya, IOM. Har rana muka ware, 28 ga Satumba, domin faɗakar da jama'a. Ƙasa matalauciya da ke fama da fari da ƴan ta'adda a kan iyakokinta, idan ta tara waɗannan a cikin shekara ashirin, ba za a ce ta naɗe hannu ba.

Ƙorafina, ranku ya daɗe, shi ne cewa ƙarfin gwamnati, wato motocinta da jandarmominta da alƙalanta da kuɗin da ta samo, ya tafi ne inda masu ba da kuɗin suke so ya tafi, kan hanyar Agadas zuwa Libiya, yayin da fataucin da ke faruwa a cikin gidajenmu, wanda ba ya damun kowa a Turai, aka bar shi ga tarurrukan ƙara wa juna sani da jawaban ranar biki.

Kowa ya san yadda abin ya kasance. A watan Mayun 2015 aka kafa doka mai lamba 2015-36 kan safarar baƙin haure, a daidai lokacin da ƙasashen Turai ke neman wanda zai tare musu hanya tun daga hamada, kuma bayan taron shugabannin Turai da Afirka kan ƙaura da aka yi a Valletta a watan Nuwamban 2015 kuɗi suka fara shigowa. Daga tsakiyar 2016 aka shiga aiwatar da dokar da gaske: aka kama direbobi, aka ƙwace motoci ƙirar Hilux aka jibge su a barikin soja, aka rufe gidajen da ake sauke matafiya. Sana'ar da ta ciyar da Agadas shekara da shekaru, tun daga direba har zuwa mai sayar da jarkar ruwa da mai canjin kuɗi, ta wayi gari laifi ce. An yi wa dubban mutane rajista da alƙawarin jarin da za su canja sana'a, amma kaɗan ne daga cikinsu suka ga kuɗin. Tafiyar kuma ba ta tsaya ba. Direbobi suka bar tsohuwar hanyar Dirku mai rijiyoyi da rakiyar soja, suka koma wasu hanyoyi na ɓoye inda mota idan ta lalace ba mai wucewa, kuɗin mota ya ninka, haɗari ma ya ninka. Da hukumomin soja suka soke wannan doka a watan Nuwamban 2023, tare da shafe hukuncin waɗanda aka ɗaure a kanta, mutanen Agadas sun yi murna, kuma ni ban ga laifinsu ba.

Sai dai akwai abin da ya kamata ma'aikatarku ta fito ta bayyana wa jama'a da babbar murya, a cikin harsunan da suke ji. Direban da ya karɓi kuɗin baligi mai hankali ya kai shi inda ya ce a kai shi, hulɗarsu ta ƙare a ranar da suka isa. Wanda kuwa ya yaudari yarinya da alƙawarin aikin shago ko gyaran gashi, ya biya mata kuɗin mota, sannan ya ɗora mata bashin da ba za ta iya biya ba sai da jikinta, wannan hulɗarsu a ranar isowa take farawa. Dokar da aka soke ta na farkon ce. Ta na biyun, wato dokar 2010, tana nan daram, ba wanda ya taɓa ta. Amma shekaru bakwai da aka yi ana cakuɗa laifukan biyu a bakin jami'ai da gidajen rediyo sun sa talaka, har ma da ƙaramin jami'in da ke tsaye a shingen hanya, suna ɗaukar su abu guda, ta yadda soke ɗaya zai iya zama musu kamar an halatta duka. Alhali a cikin motocin da ke barin Agadas a yau, a fili kuma da izini, akwai ƴan mata daga kudancin Najeriya da wata uwar ɗaki ta riga ta sa suka yi rantsuwa kafin su baro gida, akwai samarin da za su ƙare a gidan bashi a Sabha, inda ake dukan mutum ana buga wa danginsa waya su ji kukansa su aiko da kuɗi, akwai kuma waɗanda ba za su ma kai Libiya ba, a wuraren haƙar zinariya na Jado za a ajiye su. Yanzu da tafiya ta dawo fili, tantance waɗannan ya fi sauƙi fiye da lokacin da kowa ke ɓuya, in dai akwai jami'in da aka koya wa tambayar da zai yi, da macen da za ta keɓe yarinya ta yi magana da ita ba a gaban wanda ya riƙe mata takardu ba.

Amma ba Agadas ce ta sa na ɗauki alƙalami ba. Kance ce.

A ƙarshen watan Oktoban 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada, tsakanin Arlit da iyakar Aljeriya, bayan motoci biyu da suka ɗauko su sun lalace, ƙishirwa ta kashe su. Yara 52 ne, mata 33, maza 7. Mafi yawansu daga gundumar Kance suka fito, a jihar Damagaram, kuma ba Turai suka nufa ba, Tamanrasat da sauran biranen Aljeriya za su je yin bara. Gwamnati ta ayyana makokin kwana uku, aka yi kame a Arlit da Agadas, aka yi alƙawura. Duk mai hankali da ya dubi waɗannan alƙaluma zai tsaya a kan yara 52 ɗin nan, ya tambayi dalilin da zai sa ayarin ci-rani ya kasance yara sun fi manya yawa, tunda yaro ɗan shekara biyar ba ya gini, ba ya dako, ba ya wanki. Amsar ita ce a wannan sana'a yaron shi ne jarin. Mace mai yara uku a gefen titin Aljas, babban birnin Aljeriya, ta fi mace ita kaɗai samun sadaka, saboda haka wadda ba ta da isassun yara sai ta karɓi na ƴar'uwarta ko na maƙwabciya, bisa yarjejeniyar cewa za a aiko wa iyayen da rabonsu. Akwai masu ba da bashin kuɗin mota, akwai masu haɗa ayari, akwai masu masauki a Agadas da Arlit, akwai masu karɓa a can, akwai kuma masu dawo da kuɗin gida. Duk wanda ya zauna a Matamaye ko Magarya ya san ba a ɓoye ake wannan ba, kuma gidan da aka gina da bulo da rufin kwano a tsakiyar gidajen laka shi ne tallan da ke jawo na gaba.

Abin da gwamnatoci suka fi yi a kan wannan shi ne kwaso mutane. Tun ƙarshen 2014 ake jigilar ƴan Nijar daga Aljeriya a manyan motoci, ta Asamaka zuwa Agadas, daga nan a mayar da kowa jiharsa. A watan Maris na 2022, bayan wani gidan talabijin na Senegal ya nuna matanmu da yaranmu suna kwana a titunan Dakar, gwamnati ta aika jiragen sama suka kwaso fiye da mutum 1,000, kuma a lokacin ita da kanta ta ce akwai gungun miyagu a bayan wannan bara. Bayan ƴan watanni aka sake kwaso wasu daga Ghana. To, idan gwamnati ta yarda akwai gungu, aikin ya tashi daga hannun ma'aikatar jin ƙai ya dawo hannun ma'aikatarku. Dokar 2010 ta ambaci cin moriyar barar wani a cikin nau'o'in fataucin mutane, kuma ƙa'idar da duniya ta yarda da ita ita ce idan yaro ne, ba a bukatar a nuna an yi masa barazana ko an yaudare shi, kuma amincewar iyayensa ba ta wanke kowa. Duk jirgi ko motar da ta sauke mutane ɗari biyar, ta sauke shaidu ɗari biyar ne waɗanda suka san sunan wanda ya ba su bashi, da gidan da suka kwana, da lambar wayar da suke aika kuɗi ta kanta. Idan aka ba su buhun shinkafa da tabarma aka sa su a mota zuwa ƙauye ba tare da alƙali mai bincike ya zauna da su ba, an zubar da shari'ar tun kafin a buɗe ta, kuma bashin da ya kai su Dakar yana nan yana jiran su a gida, shi ne kuma zai sake tayar da su bayan girbi.

Na san inda wuyar take, kuma ba na son a ɗauka ina kira ne a cika gidan kason Damagaram da matan ƙauye. Kance na daga cikin yankunan da suka fi cunkoson jama'a a ƙasar nan, gonar gado an raba ta har ta zama ba ta ciyar da gida wata huɗu, maza da yawa sun tafi ci-rani Najeriya ko Libiya, wasu ba aike ba labari, an bar mace da yara shida da rumbu wayam. Uwar da ta goya ɗanta ta tafi bara tana cikin waɗanda aka cuta, ko da ita ma ta cutar da ɗan. Ɗaure ta ba zai ƙara wa yaron komai ba sai maraici. Amma tsakaninta da mutumin da ke zaune a inuwa yana ba da bashin jika ɗari ya karɓi ɗari biyu, wanda bai taɓa taka hamada ba, ƴaƴansa kuma suna makaranta, akwai tazara mai nisa, kuma aikin mai gabatar da ƙara shi ne ya gane wannan tazara ya bi sawun kuɗin har inda suka tsaya. Kuɗin nan ba a cikin rairayi suke tafiya ba, ta hannun ƴan kasuwa da kamfanonin aika kuɗi suke biyowa, kuma ƙasar nan tana da hukumar da ke bin diddigin kuɗin haram. Mutum biyar daga cikin masu wannan jari, idan aka yi musu shari'a a fili aka ƙwace abin da suka tara kamar yadda doka ta ba da dama, labarin zai zaga kasuwannin yankin fiye da duk wata faɗakarwa da aka taɓa yi.

Magana ta biyu ta fi wannan nauyi a baki, domin ta taɓa manya. Ina nufin wahaya, wato yarinyar da mai mata huɗu ke saya ya ajiye a matsayin ta biyar, ba aure ba sadaki.

Hadijatu Mani tana da shekara 12 aka sayar da ita a 1996, a kan jika 240 na sefa, ga wani mai gida a yankin Ƙonni wanda ya riga ya cika mata huɗu. Ta yi shekara tara tana aikin gida da na gona, yana kwana da ita ba aure ba sadaki, ta haifa masa ƴaƴa. A 2005 ya ba ta takardar ƴanci, amma da ta tashi tafiya sai ya ce ai matarsa ce. Da ta auri wanda take so, kotun ƙasarmu ce ta yanke mata ɗaurin wata shida bisa laifin aure kan aure, kuma sai da ta shiga kurkuku. Ina so a tsaya a kan wannan, ranku ya daɗe: shekara huɗu bayan dokar da ta haramta bauta, alƙalan Jamhuriyar Nijar sun saurari mace tana ba da labarin yadda aka saye ta, suka bar mai sayen ya koma gida, suka ɗaure ta. Sai da ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta da abokan aikinta suka kai maganar kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, wadda ta zo ta zauna a Yamai, ta kuma yanke hukunci ranar 27 ga Oktoban 2008 cewa ƙasar Nijar ta gaza kare ƴarta daga bauta, ta umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10. Gwamnatin wancan lokaci ta karɓi hukuncin ta biya, kuma wannan abin yabo ne.

Daga baya an ɗan motsa. A watan Mayun 2014 kotu a Birnin Ƙonni ta ɗaure wani dattijo shekara huɗu saboda ajiye wahaya, karo na farko ke nan da aka hukunta wani a kan wannan al'ada, ko da yake shekara huɗu ba ta kai ko rabin mafi ƙarancin abin da dokar 2003 ta tanada wa babban laifin bauta ba. A 2019 babbar kotun ƙasa ta tabbatar da cewa zaman wahaya ba aure ba ne, haramtacce ne. Amma al'adar da ta yi saiwa a tsakanin Tawa, Illela, Madawa da Ƙonni, wadda kuma ke tsallaka iyaka zuwa gidajen masu hali a arewacin Najeriya, ba hukunci biyu ko uku ne za su tumɓuke ta ba, musamman da yake masu yin ta mutane ne da ake durƙusa musu, kuma shari'ar aure da gado a ƙasar nan tana farawa ne a gaban sarakuna da masu taya alƙali fassara al'ada, waɗanda wani lokaci suna zaune a fada ɗaya da wanda ake ƙara. Masu kare abin suna fakewa da addini, suna cewa kuyanga ce. Malamai na gaskiya sun san yarinya musulma, ƴar musulmi, da aka saya da kuɗi daga hannun wanda ya ce ya gaji uwarta, ba ta shiga kowane babi na halas ba, kuma ya kamata a ba irin waɗannan malamai rediyo su faɗa da bakinsu, domin a wannan magana muryarsu ta fi ta kowane alƙali isa.

Dalilin da ya sa na dawo da labarin Hadijatu shi ne ƙofar da ta bi ta samu gaskiyarta yanzu a rufe take. Nijar ta sanar da ficewa daga CEDEAO a watan Janairun 2024, ficewar ta tabbata a Janairun 2025. Ba muhawarar ficewar nake son tayarwa a nan ba, wannan magana ce ta daban. Abin da nake cewa shi ne yarinyar da aka saya a bana, idan alƙalin Ƙonni ko na Madawa ya juya mata baya, ba ta da wata kotu a Abuja da za ta kai kuka. Ƙasar da ta ce ta karɓi ragamar al'amuranta da hannunta ta karɓi wannan nauyi ma tare da su, kuma a kan ma'aikatarku ya sauka. Tarihi ya nuna mana yadda hukuma ke yi idan kunya ta kama ta: a watan Maris na 2005 an shirya bikin ƴanta bayi kusan 7,000 a In Ates, a jihar Tilaberi, sai aka wargaza shi a ƙurarren lokaci aka ce babu bauta a Nijar, bayan ƴan makonni kuma aka kama shugaban Timidria na lokacin, Ilguilas Weila. Musun bai ƴanta kowa ba, kuma shekara uku bayan haka aka karanta mana gaskiyar a cikin hukuncin kotu, duniya tana ji. Ina roƙo kada kishin martabar ƙasa, wanda ake yawan ambato a yanzu, ya zama sabon dalilin rufe bakin ƙungiyoyin da ke shiga rugage da ƙauyukan da jami'anku ba sa kai wa.

Ba zan tsawaita kan almajirai da ƴan aikin gida ba, ko da yake yawansu ya fi na duk waɗanda na ambata. Karatun allo gadonmu ne, kuma mafi yawan malamai ba su da abin da suke samu a ciki sai lada da wahala. Amma wanda ya tara yara arba'in daga ƙauyuka, ya tsallaka da su Kano ko Katsina ko ya kawo su Yamai, ya yanka wa kowanne kuɗin da zai kawo kullum, ya doki wanda bai cika ba, sunan malami kawai ya ara, kuma dokar 2010 ta san da zamansa. Haka matar da ke kwaso ƴan mata daga karkara tana raba su gidajen ma'aikata a birni, albashinsu kuma yana shiga hannunta. Da yawa daga cikin masu karanta wannan wasiƙa, har da masu aiki a ma'aikatun gwamnati, akwai irin wannan yarinya a gidajensu, ita ke fara tashi ita ke ƙarshen kwanciya, kuma ba su taɓa tambayar inda kuɗin aikinta ke zuwa ba. A mashigan Ɗan Isa, Ɗan Barto da Ƙonni, babba ɗaya da ke jan yara goma ya kamata a tambaye shi takardar haihuwarsu da izinin iyayensu, sai dai tambayar ba ta da amfani muddin yaran karkara da yawa ba a taɓa yi musu takardar ba. Zaman kotun tafi-da-gidanka da ake yi lokaci-lokaci domin ba da takardun haihuwa yana hannun ma'aikatarku, kuma a ganina yana cikin mafi arahar makaman da kuke da su. Ɗaya gefen iyakar kuma akwai hukumar NAPTIP ta Najeriya, wadda ke yaƙi da fataucin mutane tun 2003. Duk yadda dangantakar siyasa ta kasance tsakanin Yamai da Abuja, layin waya tsakanin jami'in Maraɗi da takwaransa na Katsina bai kamata ya yanke ba, domin masu fataucin ba su yanke nasu ba.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ke nuna abin da gwamnati ta ɗauka da muhimmanci. Shekaru da yawa horar da alƙalai da ƴan sanda, da buga littattafan jagora, da ɗawainiyar gidan Damagaram, sun dogara ne ƙwarai a kan abokan hulɗa na waje. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da yawa daga cikin wannan tallafi ya tsaya ko ya ragu. Wannan dama ce ta a nuna cewa yaƙin namu ne tun asali. Gida ɗaya a Damagaram ba zai ɗauki ƙasa mai jihohi takwas da faɗin da ya haura murabba'in kilomita miliyan ɗaya ba. Macen da ta gudo daga gidan ubangidanta a yankin Tawa da tsakar dare tana bukatar wurin kwana a Tawa, a daren, kuma idan babu, jandarman da ta kai wa kuka ba shi da zaɓi sai ya kira mai gari a yi sulhu, sulhun da ƙarshensa shi ne a mayar da ita inda ta fito. Dokar 2010 ta kuma yi tanadin asusu na musamman domin biyan diyya ga waɗanda aka cuta. Ina roƙo a sa masa kuɗi a cikin kasafin ƙasa, ko da kaɗan ne, a kuma zuba masa dukiyar da kotu ta ƙwace daga hannun masu laifi, domin wadda ta fito daga bauta da zane ɗaya, idan ba ta samu akuya ko keken ɗinki ko ɗan fili ba, yunwa za ta mayar da ita, kuma ba za ta tsaya ba da shaida a kan mutumin da shi kaɗai ne ya taɓa ciyar da ita ba.

Abu na ƙarshe da nake nema ba ya cin ko dala. A yau ɗan Nijar da ke son sanin mutum nawa aka gurfanar a ƙasarsa kan fataucin mutane, da nawa aka ɗaure, ya fi saurin samun amsa a rahoton shekara-shekara na ma'aikatar harkokin wajen Amurka, da Turanci, fiye da a bakin hukumomin ƙasarsa, alhali daga kotunanmu aka tattara alƙaluman. Ina roƙo ranar 28 ga Satumba mai zuwa a fitar da bikin daga ɗakin taro na Yamai a kai shi Matamaye ko Birnin Ƙonni, a gayyaci sarakuna da limamai da shugabannin mata, ku tsaya da kanku ku karanta, jiha bayan jiha, ƙararraki nawa aka shigar a ƙarƙashin dokar 2010 da ta 2003, nawa suka kai ga hukunci, shekara nawa aka yanke, mutum nawa aka ceto kuma ina suke a yanzu, sannan a fassara jawabin da Hausa, Zabarmanci, Tamashek, Fulatanci da Barbarci a ba gidajen rediyon karkara su maimaita. Idan alƙaluman ƙanana ne, a faɗe su a haka, domin a samu abin da za a auna na baɗi da shi.

Allah ya taimake ku a kan wannan amana.

Wassalam,
Wani ɗan ƙasa daga jihar Damagaram